Hawan Dutse da Motar Haya: Abin da Muka Gano a Gandun Dajin Suwizalan

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu masu fataucin shadda ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen shekara)





Da sakatare ya same mu a shago ya ce an sa mu cikin masu magana yau, mun zaci batun shadda ne ko na canjin kuɗi, tun da yake shi ne abin da muka sani. Sai ya ce a'a, labarin hawan dutsen nan da kuka cika kunnuwan mutane da shi a majalisa, shi ake so ku bayar a gaban kowa, a huta. To, mun karɓa. Amma da sharaɗin za mu faɗi har da wautar da muka tafka, domin a cikinta ne amfanin yake.

A watan Satumba na shekarar 2019 ne mu uku muka je sarin kaya ƙasar Ostiriya. Waɗanda ke wannan sana'a sun san lardin Vorarlberg, can yammacin ƙasar, daf da iyakar Suwizalan. A garin Bludenz ne masaƙar Getzner take, wadda aka kafa tun 1818, kuma shaddar da samarinmu ke taƙama da ita ranar Sallah daga can take fitowa. Leshi kuwa, irin wanda iyayenmu mata da maƙwabtanmu Yarabawa ba sa biki sai da shi, cibiyarsa garin Lustenau ne, duk a lardi ɗaya. Mun gama harkarmu ranar Juma'a, jirginmu kuwa sai Litinin. Ga Asabar ga Lahadi ba abin yi, kuma ran Lahadi kantuna a rufe suke a ƙasar nan, ko allura ba ka samu ka saya cikin sauƙi.

Akwai wani yaronmu na nan Sabo da ke karatu a ƙasar, shi ne ya zo ya taimaka mana da tafinta. Da ya ga muna ta hamma a masauki, sai ya ce, "Kawu, shekara nawa kuna zuwa nan, ba ku taɓa ganin komai ba sai sito da ofis. Ku zo gobe in kai ku ku ga dutse." Babban cikinmu, wanda muke ce wa Baba Alhaji, ya ce, "Kai yaro, dutse kuma? Ga su nan ta taga, kyauta." Muka yi dariya. Da muka tambayi kuɗin shatar mota, yaron ya ce ba shata, ba tasi. Jirgin ƙasa ne da bas, irin na kowa da kowa, kuma bas ɗin zai ajiye mu a bakin hanyar dajin.

Wannan magana ita ta ja hankalinmu, domin mu dai a saninmu gandun daji wuri ne na mai babbar mota ko na Turawa 'yan yawon buɗe ido.

Muka tashi bayan asuba. Biza ba ta zama matsala ba, domin tun ƙarshen 2008 bizar Shengen tana shiga Suwizalan, sai dai kuɗi ne ke canzawa, daga yuro zuwa faran. Jirgin ya ratsa da mu ta wata 'yar ƙasa wai ita Liechtenstein, wadda kafin ka gama shan shayi ka fita daga cikinta. Daga baya muka gane ashe dajin da za mu ma ya ɗan fi ta girma: ita murabba'in kilomita 160 ce, shi kuwa 170. A Landquart muka shiga wani jan jirgi ƙarami, ya yi ta hawa da mu, sa'an nan ya kutsa cikin ramin Vereina, wanda aka huda a ƙarƙashin dutse, tsawonsa kilomita 19, aka buɗe shi a 1999. Baba Alhaji bai saki carbinsa ba sai da muka ga haske. Muka sauka a garin Zernez wajen ƙarfe goma na safe.

Zernez ƙaramin gari ne, amma yana bisa tudu mita 1,470 da wani abu daga tsayin teku, watau ya fi Jos bisa. Mutanen wurin suna da harshensu dabam da ake kira Romansh, ɗaya daga cikin harsuna huɗu na ƙasar, ko da yake duk suna jin Jamusanci. Da muka ji haka sai muka ce ashe su ma kamar mu ne a nan Ibadan, harshe ɗaya a gida, wani a kasuwa.

To, jama'a, bari mu ɗan daɗe a kan batun motar nan, domin a ganinmu ita ce ta fi dutsen ban mamaki.

Muna fitowa daga tashar jirgi, ga ta nan tsaye, rawaya, ko taku talatin ba mu yi ba. Motar gidan waya suke ce mata, PostAuto, domin asalinta wasiƙu take kaiwa ƙauyuka tare da fasinja, kuma tun 1906 take aiki. Ba kwandasta, ba ɗan kamasho, ba mai cewa saura mutum biyu alhali saura goma. An rubuta minti kaza za ta tashi, kuma a wannan minti ta tashi. Yaron ya ce ko mutum ɗaya ne a ciki haka za ta yi, ko ma ba kowa. Mu da muka saba zama awa uku a tasha muna jiran mota ta cika, abin ya tsaya mana a rai. Muka ce to ba a faɗuwa? Ya ce kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe irin wannan layi, gwamnatin tarayya da ta lardi ne ke cika gibin, domin sun ɗauka cewa mota zuwa ƙauye haƙƙi ne kamar ruwa da wuta. Kuma tun 1982 suka tsara lokutan jiragensu a kan ƙa'ida ɗaya, ana maimaitawa kowace awa, motocin kuma aka ɗaura su a kan lokacin jirgi. Shi ya sa ka sauka daga wannan ka tarar da wancan yana jiranka.

Hanyar da muka bi ita ce ta mashigin Ofen, wadda ta tashi daga Zernez ta ratsa tsakiyar dajin, ta haura har mita 2,149, ta gangara kwarin Müstair, ta shiga Italiya. Kwana ce bisa kwana, dutse a hagu, rami a dama. A kwanar da ba a ganin gaba, direba yakan busa wani ƙaho mai murya uku, wanda duk ɗan ƙasar ya san shi tun yana yaro. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, a cikin dajin akwai matsayai jere, kowace da sunanta da lambarta, kuma daga kowace akwai hanyar ƙafa da ke shiga daji. Saboda haka mai bas ya fi mai motar kansa morewa. Mai mota dole ya dawo inda ya ajiye ta. Kai kuwa sai ka sauka a nan, ka hau dutse, ka ɓulla ta wani kwarin, ka tari wata motar a matsaya ta gaba. Abu ɗaya, sai ka danna maɓalli kafin matsayarka, in ba haka ba direba ya wuce da kai. Kada mu ɓoye muku, tikitin da tsada; Suwizalan ba ƙasar araha ba ce. Amma shiga dajin kansa kyauta ne, ba ƙofa, ba mai yankar rasit.

Muka sauka a matsayar Stabelchod, mai lamba 8, ƙasa da rabin awa daga Zernez. Niyyarmu mu hau wani tudu da ake kira Margunet, mu gangara ta kwarin Val dal Botsch, mu fito Il Fuorn inda akwai wani tsohon otal da matsayar mota. Allon da ke bakin hanya ya nuna tafiyar ta wajen awa uku ce. A can ba kilomita suke rubutawa a allo ba, awa da minti suke sawa. Mu kuwa muka manta cewa awar ƙafarsu ce aka auna, ba tamu ba.

Yanzu ku dubi shirinmu. Yaron yana da takalmi mai kaushin ƙasa, da jaka a baya. Mu kuwa kaftani ne da rigar sanyi a ciki, da rufaffen takalmin da muke zuwa ofis da shi, mai santsi. Ya yi mana magana tun a masauki, muka ce ai mu da muka yi Safa da Marwa, muka taka daga Muzdalifa zuwa Mina, wane dutse ne zai ba mu tsoro. Ya yi shiru, irin na yaron da ba ya son musu da manya.

Farkon tafiyar daɗi ne da ita. Hanya ce cikin itatuwa masu ganye kamar allura, ga ƙamshi, ga rafi yana gudu. Abin da ya fara ɗaukar idonmu, mu 'yan kasuwa, shi ne itace. Manyan gungume a kwance ko'ina, busassu ƙayau, wasu sun fara ruɓewa. Na biyun cikinmu ya ce wallahi abin da ke kwance a nan zai cika tirela hamsin, kuma ya san wanda zai saye su a Bodija kafin azahar. Yaron ya ce a wannan daji ba a ɗaukar ko tsinke. Itace in ya faɗi a nan zai ruɓe, ƙwari su ci, tsuntsaye su ci ƙwarin, sabon tsiro ya fito a kansa. Sai dai in ya tare hanyar ƙafa, a kawar da shi gefe.

Dalilin yana cikin tarihin wurin. Sunan Ofen da Fuorn duk ma'anarsu murhu ne, domin a da ana narka tama a kwarin, irin yadda maƙeranmu na dā suke yi, kuma murhun tama ba abin da yake ci sai gawayi. Bayan wannan kuma aka yi ta sare itatuwa ana turawa ta kogin Inn zuwa wurin dafa gishiri a Tirol. Daji ya ƙare, namun daji suka bi shi. A 1904 aka harbe dabbar nan mai kama da ƙaton kare mai gashi, wadda Turawa ke kira biya, ta ƙarshe a duk ƙasar, kuma a wannan yanki aka harbe ta. Sai wasu masana, cikinsu har da Paul Sarasin na birnin Basel, suka ce a ware wuri ɗaya a bar shi sam, a ga abin da zai zama in ɗan Adam ya janye hannunsa. A 1909 suka karɓi hayar kwarin Cluozza daga hannun mutanen Zernez. Kuɗin hayar fa? Nan ne muke so 'yan kwamiti su buɗe kunne. Ƙungiya suka kafa, kowane memba yana biyan faran ɗaya a shekara. Da wannan faran ɗaya-ɗaya aka fara. Ran 1 ga Agusta, 1914, gwamnati ta ayyana shi gandun daji na ƙasa, kuma shi ne mafi tsufa a duk tsaunukan Alps. Har yanzu ƙasar ta garuruwan ce, haya ake biyan su.

Dokokinsa kuwa masu tsanani ne. Ba a sauka daga hanyar da aka shata, ba a kunna wuta, ba a kwana sai a masauki biyu da aka yarda da su, ba a shiga da kare ko da a ɗaure, ba a hawan keke, ba a tsinkar fure, ba a wanka a rafi, kuma sharar da ka shiga da ita kai za ka fito da ita. Da sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara ta rufe, sai a rufe dajin gaba ɗaya har bazararsu. Baba Alhaji ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, duk wanda ya je Makka ya san ba a sare itacen Harami, ba a korar namansa. Muka ce haka ne. Amma minti ashirin bayan wannan wa'azi, shi ne ya hango wani ɗan tsiro mai kama da tazargade a gefe, ya taka ya bar hanya zai tsinko wa uwargida tsaraba. Ashe akwai ma'aikacin daji a gaba kaɗan, ya kafa madubin hangen nesa yana nuna wa mutane dabbobi. Bai yi tsawa ba. Ya ɗaga hannu, ya nuna hanya da yatsa, ya yi murmushi. Yaron ya ce mana a hankali, "Baba, ku dawo, akwai tara." Da jin kalmar tara a faran, Baba Alhaji ya dawo da sauri fiye da yadda ya tafi.

Mutumin nan ya bar mu muka leƙa madubinsa, kuma ya yi mana bayanin da ya zauna mana. Ya ce dabba tana koyon inda mutum yake bi. In shekara ɗari mutane ba su taɓa barin hanya ba, sai ta san cewa taku hamsin daga hanya ba abin da zai same ta, ta daina gudu. Shi ya sa ake ganinsu da rana tsaka. Mun ga wata dabba mai kama da rema amma ta fi ta ƙiba, tana zaune bakin raminta, in ta ga abin tsoro sai ta yi fito kamar ɗan sanda. Wai rabin shekara take yi tana barci a rami. Mun ga awakin dutse can ƙololuwa, suna tsalle a inda ko ƙadangare zai yi tunani. Akwai kuma bunsurun dutse mai ƙaton ƙaho, wanda ya taɓa ƙarewa ƙaf a Suwizalan, sai a 1906 aka yi fasa-ƙwaurin 'ya'yansa daga Italiya aka yi kiwonsu, aka sako wasu a wannan daji a 1920. Shi ba mu gan shi ba. Haka ma ungulu mai gemu, wadda faɗin fikafikanta ya kusa mita 3, kuma abincinta ƙashi ne, takan ɗauke shi sama ta sako shi kan dutse ya farfashe. An karkashe ta da daɗewa bisa zargin tana ɗaukar 'yan raguna da yara, zargin da ba shi da tushe. A kwarin Stabelchod ɗin nan da muke tsaye aka fara sako 'ya'yanta a 1991. Mun yi ta ɗaga kai har wuya ya ƙage, ba mu dace ba.

Daga nan hanya ta miƙe sama, wasa ya ƙare.

Itatuwa suka fara gajarta, har suka ƙare, sai ciyawa da tsakuwa. Hawan bai fi na mita 400 da ɗoriya ba daga inda mota ta ajiye mu, amma a wannan tsayi iska ta yi sauƙi, numfashi ɗaya ba ya ƙosar da kai kamar a nan. Taku ashirin, mu tsaya. Taku ashirin, mu tsaya. Wasu tsofaffi biyu, miji da mata, waɗanda ba mu yi shakkar sun haura saba'in ba, suka zo da sandunansu suka gaishe mu suka wuce, suna hira kamar a tsakar gida. Jama'a, mun ji kunya. Shekara talatin muna zaune kan benci a shago, daga shago sai mota, daga mota sai tabarma. Mun ɗauka ƙarfinmu na nan yadda muka bar shi, ashe ya daɗe da tafiya bai yi sallama ba.

Mun isa Margunet bayan ƙarfe ɗaya. Tsayinsa ya ɗan haura mita 2,300, watau saura kaɗan ya kamo Chappal Waddi na jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419. Abin da ido ya gani a wurin ba za mu iya kwatanta muku ba, duwatsu ne bayan duwatsu, farare da toka-toka, ba gida, ba turken lantarki, ba ƙarar inji. Akwai fili da aka kewaye da turaku, wanda aka yarda mutum ya zauna a ciki ya huta. A nan muka yi sallah, tun da ba a fita hanya. Muka yi alwala da ruwan gorarmu, muka nemo alƙibla da waya, muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru. Ba wanda ya dame mu; tsofaffin nan ma matsawa suka yi suka ba mu wuri.

Muna sallamewa muka lura Baba Alhaji bai tashi ba. Ga sanyi, iska tana kaɗawa, amma shi gumi ne ke keto masa, hannunsa yana rawa, maganarsa ta fara sarƙewa. Muka ce ko hawan jini ne. Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, me kuka ci da safe?" Ashe ya sha maganin ciwon suga tun asuba, amma bai ci komai ba sai rabin burodi, don yana shakkar abin da ke cikin abincin masaukin. Ga kuma tafiyar awa uku a kai. Suga ne ya faɗi. Allah ya sa akwai dabino a aljihunmu, kuma yaron ya zo da shayi mai zaƙi a fulas. Muka ba shi, muka lulluɓe shi da rigunanmu. Yaron ya riƙe waya a hannu, ya ce in minti goma sha biyar suka wuce bai dawo daidai ba zai kira 1414, lambar jirgin ceto mai saukar ungulu. Wannan minti goma sha biyar, wallahi, sun fi tafiyar duka tsawo. Muna tunanin abin da za mu faɗa wa iyalinsa a nan, cewa mun kai shi kan dutse ba gaira ba dalili. Cikin ikon Allah ya farfaɗo, kuma abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai sauran dabino.

Sai kuma gajimare ya taso. A kan dutse, duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6, kuma yanayi yana juyawa cikin rabin awa. Rana ta ɓace, aka fara yayyafi mai haɗe da ƙanƙara ƙanana. Nan takalmin ofis ya nuna halinsa. Gangara ta fi hawa wuya, gwiwa tana ƙara, tsakuwa tana zamewa. Na biyun cikinmu ya sha ƙasa sau biyu, kaftaninsa na shadda, wanda da shi ya yi niyyar komawa gida, ya tashi daga aiki. Abin da ya cece mu daga ɓata shi ne alamar fenti, fari da ja da fari, da suke shafawa a jikin duwatsu. Daga wannan kana hango ta gaba. Tafiyar awa uku ta zame mana kusan shida.

Da muka fito Il Fuorn, a jiƙe, muna rawar ɗari, muka duba takardar lokaci da ke manne a matsayar. Saura minti goma sha ɗaya. Kuma a minti na goma sha ɗaya sai ga ta ta ɓullo, rawaya, da ɗumi a cikinta. Ba mu taɓa son mota kamar yadda muka so wannan ba. Da a ce mun dogara da wani direban shata ne da ya gaji da jira ya tafi, ko motar da ba a san lokacinta ba, da labarin ya zama wani iri.

Ga wanda harka za ta kai shi can, kuma mun san akwai irinsu a ɗakin nan, hanyoyin dajin 21 ne, jimillarsu wajen kilomita 100, kuma ba duka ne masu wuya ba. Akwai ta Champlönch, wadda yara ma suna bi. Akwai kwarin Trupchun, wanda ake shiga ta garin S-chanf, inda a ƙarshen Satumba manyan barewa masu ƙaho rassa-rassa suke ruri suna faɗa a kan mata. A fara shiga gidan baƙi na Zernez a tambayi wace hanya ce a buɗe. A sa takalmin kirki, a ɗauki ruwa da abinci da rigar ruwa. A duba lokacin motar ƙarshe tun kafin a shiga, kuma duk awar da aka gani a allo a ƙara mata rabinta. Mai suga ko hawan jini ya ga likitansa tukuna.

Mun san wani zai ce, to Alhaji, mu da ba mu da biza fa? Gaskiya ne. Ba mu da motar da ke tashi a kan minti, kuma ba za mu yi muku alkawarinta ba. Gandayen dajinmu irin su Gashaka-Gumti da Old Oyo, waɗanda aka ayyana a 1991, ba wuraren da mutum zai faɗa wa bas kawai ya sauka a bakinsu ba ne, kuma batun tsaro sai an yi tambaya sosai kafin a ɗaga ƙafa. Amma Ibadan gari ne na tuddai. Ga Oke Are nan, da hasumiyar Bower a kansa tun 1936, muna ganinta kullum daga nesa. Mu tambayi kanmu, mutum nawa ne a ɗakin nan suka taɓa hawa? Mu kanmu sai da muka dawo daga Turai muka je, bayan shekara fiye da talatin a garin. Baba Alhaji kuwa, tun daga wancan lokaci, kullum bayan asuba sai ya taka daga nan zuwa Mokola ya zagayo, da dabino a aljihu, kuma likitansa ya ce ya ga bambanci.

Saboda haka ga roƙonmu ga kwamiti. Lahadin farko na kowane wata, bayan sallar asuba, mu haɗu a ƙofar masallaci, mu shiga motar haya zuwa gindin Oke Are, mu hau da ƙafa, mu dawo kafin ƙarfe tara a buɗe shago. Kowa ya biya kuɗin motarsa. Samari su riƙe ruwa, su kuma tafi a bayan dattawa, ba a gabansu ba. Iyayenmu mata, in suna so, su tsara tasu ranar, mu ba su rakiya. In mun yi wata shida ba mu fasa ba, sai kwamiti ya aika mutum biyu su dubo mana hanyar dutsen Ado-Awaye, wanda ke da tafki a kansa, su dawo su faɗa mana kuɗin mota da halin hanya.

Sakatare yana da takarda a bakin ƙofa, mai so ya rubuta sunansa kafin ya fita. Mu uku mun riga mun rubuta namu.